Samsung ya sayi AKG: sunan ya rage, ina mutanen?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma nan ne wurin yin ta, tunda a cikinmu akwai masu sayar da waya, akwai masu gyara, akwai mu masu sutudiyo. Yau ka tare matashi ka tambaye shi AKG, zai ce maka ai iyafis ɗin Samsung ne. Iyakar saninsa ke nan. Alhali kamfani ne da Rudolf Görike da Ernst Pless suka kafa a Viyana, babban birnin Ostiriya, tun 1947. Su suka ƙera makirfon D12 da C12 a 1953. Su suka fito da C414 a 1971, wanda har gobe da wuya ka shiga babban sutudiyo ka rasa shi. Hedifon K240 da masu haɗa sauti suke sawa tun 1975 nasu ne.

A Nuwamba 2016 Samsung ya sanar zai sayi Harman, uwar kamfanin AKG, a kan dala biliyan 8, aka kammala ciniki a Maris 2017. A 2017 ɗin aka rufe gidan AKG na Viyana, ma'aikata fiye da ɗari suka rasa aiki. A 2017 ɗin dai aka fara buga AKG a jikin iyafis ɗin da ke zuwa cikin kwalin Galaxy S8. An ɗauke suna, an sallami masu sunan. Ni a wurina wannan ba riƙon amana ba ne, kuma ina so in ji ta bakinku.

Injiniya Sadik:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya. Ina tare da kai a kan darajar AKG, amma akwai gyara a jerin lokutan, kuma gyaran yana canza wanda za a ɗora wa alhaki. Harman ya mallaki AKG tun farkon shekarun 1990. Shi ya fara kwashe ƙira daga Viyana tun kafin a ji ɗuriyar Samsung: K701 da K702 suka koma Chaina, K712 aka kai Silobakiya. Sanarwar rufe Viyana ma a 2016 ta fito, kafin a sanar da cinikin Samsung. Wato Samsung ya tarar an riga an yanke hukunci.

Baban Khadija:
Na san da haka, Injiniya. Amma daga Maris 2017 wa ke da gidan? Wanda ya iya fitar da dala biliyan 8 ba zai gaza riƙe ɗakin bincike guda a Viyana ba in da ya ga amfaninsa. Ka kuma tuna a Satumba 2017, wata shida da shigowarsa, Harman ya sanar da rage ma'aikata kusan 650 a sashen kayan ƙwararru, har da rufe masana'antar Crown, masu na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta Elkhart a jihar Indiyana. Wannan kuma a hannun wa aka yi?

Alhaji Na-Farm Centre:
Malamai ku bar ni in faɗi abin da muke gani a kasuwa. Kafin S8, wallahi a layinmu ba wanda ya taɓa zuwa neman AKG. Da wayar ta fito sai kowa ya ce a ba shi "mai AKG". Ba a jima ba jabu ta cika kasuwa, igiya irin ta zaren nan, tambari iri ɗaya, sai ka sa a kunne ka ji bambanci. Daga S21 a 2021 kuma Samsung ya daina sa iyafis da caja a kwali, to yanzu in ka ga an zube maka AKG a tire da araha, ka san inda aka dosa. Abin da nake nufi, Malam, Samsung ne ya sa talaka ya san sunan. Wannan ba ƙaruwa ba ce?

Sannan ina da tambaya. Infinix Note 30 da ta fito a 2023 an rubuta JBL a jikinta. JBL kuma an ce na Harman ne, Harman na Samsung. Ta yaya mutum zai ba abokin gasarsa sunansa ya je ya ci kasuwa da shi? Na kasa gane wannan.

Injiniya Sadik:
Alhaji, amsar tambayarka ita ce mabuɗin maganar gaba ɗaya. Samsung bai sayi Harman don makirfo ko iyafis ba. Don mota ya saya. A lokacin cinikin, Harman yana cinikin wajen dala biliyan 7 a shekara, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari na wannan daga kayan mota yake fitowa: allon gaban direba, na'urar nuna hanya, haɗa mota da intanet, da lasifikokin ciki. Samsung yana da allo, yana da ƙwaƙwalwar ajiya, yana da guntayen sarrafawa, abin da ba shi da shi ita ce ƙofar shiga wurin masu ƙera motoci. Su kuwa ba sa karɓar baƙo da sauri, sai wanda suka yi shekaru suna aiki da shi. Harman ya riga ya shiga: JBL a Toyota, Mark Levinson a Lexus, Harman Kardon a BMW.

Shi ya sa aka bar Harman da shugabancinsa da hedikwatarsa a Stamford, jihar Konetikat, yana harkarsa kamar kamfani mai zaman kansa. In da Samsung ya ce daga yau sunayen nan nasa ne shi kaɗai, da ya kashe kasuwar da ya saya da kuɗinsa. Don haka ka ga Harman Kardon a Xiaomi Mi 11, ka ga JBL a Infinix, ka ga AKG a Cadillac Escalade ta 2021 da lasifika 36. Ana biyan Harman, riba ta koma Koriya ta Kudu. Ko ka sayi Infinix, wani abu ya shiga aljihun Samsung.

Alhaji Na-Farm Centre:
To yanzu na gane. Ashe hayar suna ake bayarwa.

Maman Ilham:
Sannunku da muhawara. Ni a gidan rediyo nake aiki, sashen shirye-shirye, kuma maganar ta shafe ni don muna shirin sayen makirfo biyu na ɗakin hira. Amma kafin nan ina so a fayyace mini abu ɗaya. Idan aka rubuta a kwalin Galaxy Buds, iyafis ɗin Samsung marasa igiya, cewa sautin na AKG ne, me aka yi a zahiri? Akwai injiniyan da ya taɓa abin, ko tambari kawai aka manna? Domin in tambari ne kawai, Baban Khadija ya yi gaskiya. In kuma akwai aiki a ciki, to ai ba yaudara.

Malam Mai Fiziks:
Hajiya, tambayarki ta fi duk abin da aka faɗa muhimmanci. Akwai aiki a ciki, kuma aiki mai kyau. Sai dai ba daga Viyana ya fito ba.

Harman yana da ɗakin bincike a Northridge, Kalifoniya, inda Floyd Toole da Sean Olive suka yi shekaru suna nazarin abin da kunnen ɗan Adam ya fi so. Yadda suke yi shi ne a zaunar da mai sauraro bai san wane kaya yake ji ba, bai ga tambari ba, bai san farashi ba, sai ya ba da maki. Dalili kuwa sun gano cewa ido yana rinjayar kunne: mutum in ya ga kaya mai tsada sai ya ji kamar ya fi daɗi. Daga wajen 2012 Olive da abokan aikinsa suka mayar da hankali kan hedifon, suka fitar da wani ma'auni na yadda ya kamata a raba ƙarfi tsakanin bas da murya da siririn sauti. Masu harkar suna kiransa ma'aunin Harman. A taƙaice, a ɗaga bas daidai gwargwado, a ɗaga yankin da ramin kunne da kansa yake ƙara wa ƙarfi, wajen zagaye 3,000 a daƙiƙa, sauran kuma a daidaita su yadda hedifon zai yi kama da lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau.

Galaxy Buds na 2019 sun bi ma'aunin nan sosai. AKG K371 da K361 da suka fito a shekarar ma sun bi shi, kuma masu auna kaya da na'ura sun yabe su duk da ba su da tsada. Saboda haka ba zan yarda a ce Samsung bai kawo wa mai saye komai ba. Yaron da ya sayi Buds ya samu sautin da aka gina a kan bincike na gaske. Inda nake tare da Baban Khadija shi ne, ilimin na Northridge ne, sunan na Viyana.

Baban Khadija:
Allah ya saka, Malam. Ka faɗi abin da nake ta ƙoƙarin faɗa. In ilimin na Harman ne, me ya hana a rubuta Harman? Saboda AKG ne ke da ƙamshin sutudiyo, shi ne sunan da mawaƙa da gidajen rediyo suka yarda da shi shekara saba'in. Kamar ka sayi teburin wani mai kilishi da gari ya sani, ka sallame shi da yaransa, ka kawo naka masu yankan, ka bar allon sunansa a rataye. Ko da kilishinka ya yi daɗi, wanda ya zo saya don wancan hannun ya zo. Ba a gaya masa ƙarya da baki ba, amma an bar shi ya ɗauka abin da ba shi ba ne.

Kuma akwai abin da na'ura ba ta aunawa. Zuciyar makirfo irin C12 da C414 na farko, wadda ake kira CK12, da hannu ake haɗa ta. Fatar da ke kama murya ta fi gashin kai siranta, kuma yadda aka ja ta aka ɗaure shi ke sa murya ta fito da zaƙi ko ta fito da kaifi. Wannan ba a zane kawai yake ba, a yatsun wanda ya shekara ashirin yana yi yake. Irin waɗannan mutanen aka ce su tafi gida.

Ɗan Damagaram:
Salama alaikum, ina gaishe da manya. Ina bin maganar tun farko daga nan Zinder. Me ya sa ba a kawo Apple da Beats ba? A ganina can aka yi abin da ya dace. Apple ya sayi Beats, masu hedifon, a 2014 a kan dala biliyan 3. Bai narkar da shi ba, bai buga sunan a jikin iPhone ba. Beats yana nan a Culver City da tambarinsa, yana fitar da sabon kaya. Fasahar Apple ma aka zuba masa: guntun W1 da aka yi wa AirPods a 2016 an sa shi a Solo3 da Powerbeats3. A 2021 suka yi Studio Buds mai aiki da Android ba wahala, abin da AirPods ba ya yi yadda ya kamata. A 2024 suka dawo da lasifikar Pill. To ga kamfanin da ya sayi suna ya kuma raya shi.

Injiniya Sadik:
Ɗan'uwa, misalin yana da kyau amma ba abu ɗaya aka saya ba. Beats ba shi da tsohuwar masana'anta ko zuriyar injiniyoyi da za a sallama. Dr. Dre da Jimmy Iovine suka kafa shi, kuma daga 2008 zuwa 2012 kamfanin Monster ne yake ƙera musu kayan. Ƙarfin Beats talla ne da mawaƙa da 'yan wasa. Wannan kuwa ba ya buƙatar a riƙe wani gini a wani gari.

Sannan shi ma Apple abin da ya fi so daban ne. Yana son manhajar sauraron waƙa ta Beats Music da kuma Iovine, mutumin da ya san shugabannin kamfanonin waƙa ciki da bai. A Yuni 2015 Apple Music ya fito, a ƙarshen Nuwamba na shekarar aka rufe Beats Music. Tashar Beats 1 ma a 2020 aka mayar da ita Apple Music 1. Wato inda sunan Beats ya yi karo da na Apple an goge shi. An bar shi ne a inda yake kawo mutanen da Apple ba ya samu, masu Android da masu motsa jiki.

Ɗan Damagaram:
Na ji. Amma dai wanda ya sayi Beats yau ya samu kaya mafi kyau fiye da na 2012, kuma wannan ne ya dame ni a matsayina na mai saye.

Maman Ilham:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma mu masu aikin murya mun san ta. Logitech ya sayi Blue, masu makirfon Yeti, a 2018 a kan dala miliyan 117. A 2023 ya daina amfani da sunan Blue a matsayin kamfani, ya mayar da Yeti ƙarƙashin Logitech G. Mutane da yawa sun ji haushi. Ni kuwa da na ji bayanin Malam Mai Fiziks sai na ga kamar wannan ya fi gaskiya. In masu gidan sun tafi, ka cire allon, ka rubuta naka, kowa ya san da wa yake ciniki. In abu ya lalace na san ƙofar da zan buga.

Alhaji Na-Farm Centre:
Hajiya, ki yi haƙuri, ba ɗan kasuwar da zai yi haka da son ransa. Suna shi ne jari. Mutum ya shigo shagona ya ce JBL, ban buƙatar in yi masa bayani, hannu kawai zai sa a aljihu. Wani kayan kuwa sai na kunna, na gwada, na rantse, sannan ya ce zai dawo. Oraimo da kuke gani, na Transsion ne masu Tecno da Infinix da itel, kuma shekaru suka yi suna gina sunan kafin mutane su yarda da shi. Wanda ya sayi sunan da aka gama ginawa zai jefar da shi? Kuma ku duba JBL ɗin. Tun 1946 James B. Lansing ya kafa shi, shi ma ba wanda ya kafa ba ne ke riƙe da shi yau, ga shi a hannun Samsung bai mutu ba, sai ma ƙara yaɗuwa da ya yi.

Baban Khadija:
Alhaji, JBL ya rayu ne don yana da abin da za a sayar wa miliyoyin mutane, lasifikar bulutut ta biki da ta ɗaki. AKG kuwa masu sayensa 'yan kaɗan ne: sutudiyo, gidan rediyo, dandalin wasa. A babban kamfani, wanda masu sayensa suka yi kaɗan shi ake fara yanka. Studer ma, masu teburin haɗa sauti na gidajen rediyo daga Suwizalan, Harman ya sayar da shi ga Evertz na Kanada a 2021. Ba na cewa Samsung mugu ne. Ina cewa idonsa yana kan mota da waya, mu masu makirfo ba ma cikin lissafinsa, amma sunan da muka ɗaukaka da aikinmu yana ciki.

Malam Mai Fiziks:
Kada mu manta da inda mutanen suka je, don Hajiya tana neman makirfo. A 2017 ɗin, 22 daga cikin tsofaffin ma'aikatan AKG suka kafa Austrian Audio a Viyana. A 2019 suka fitar da OC818 da OC18, da sabuwar zuciya mai suna CKR12 da suke haɗawa da hannu a can, an yi mata zobe na tangaran maimakon tagulla. Ilimin bai mutu ba, ya fita ta ƙofa ne da ƙafafunsa. Shi kuma C414 ana ci gaba da yin sa, a Hangari yanzu. Mai saye ya samu zaɓi biyu inda da yake da ɗaya.

Baban Khadija:
Haka ne, kuma ina yi musu fatan alheri. Sai dai ka duba abin da ya same su. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina suna, ranar da ya fita ba shi da ikon rubuta shi a kan abin da ya ƙera da hannunsa. Dole ya fara daga farko yana gabatar da kansa, a lokacin da ake buga tsohon sunan a jikin iyafis miliyoyi. In wannan bai taɓa zuciyar mutum ba, ni ya taɓa tawa.

Injiniya Sadik:
Ya taɓa tawa ma, Baba. Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta tarihi ba ce kawai, a Mayu 2025 Harman ya sanar da sayen sashen sauti na Masimo a kan dala miliyan 350. Sashen ya ƙunshi Bowers & Wilkins da Denon da Marantz da Polk. Masimo kamfanin kayan asibiti ne, masu na'urar auna iskar jini a yatsa, kuma a 2022 ya sayi sunayen nan a kan sama da dala biliyan 1. Cikin shekara uku ya sayar a kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin. A nan zan ce gara Harman, don ko ba komai sana'arsa ce. Amma yanzu JBL da AKG da Denon da Marantz da Bowers & Wilkins da Mark Levinson duk gida ɗaya ne. Ka shiga shago ka ga tambari shida kana zaton gasa ake yi, alhali aljihu ɗaya kuɗin zai shiga.

Baban Khadija:
To ku sa ido a wuri biyu. Bowers & Wilkins suna ƙera manyan lasifikokinsu na jerin 800 a Worthing ta Ingila, irin waɗanda sutudiyon Abbey Road na Landan yake aiki da su. Denon da Marantz kuma suna da masana'antar Shirakawa a Jafan, inda ake yin manyan kayansu. In shekara biyar ta wuce wuraren nan suna aiki da mutanensu, zan yarda Samsung ya koyi wani abu daga Viyana. In aka rufe su, aka fara buga Bowers & Wilkins a kwalin waya, kun san abin da ya faru.

Maman Ilham:
To ni yanzu wanne zan rubuta a takardar saye, C414 ko OC818? Manaja yana jira, kuma kuɗin gidan rediyo ba na gwaji ba ne.

Malam Mai Fiziks:
Hajiya, duka biyun suna kwashe duk motsin da ke ɗaki, har ƙarar fanka da janareta. In ɗakin hirarku ba a lulluɓe bangonsa da soso sosai ba, makirfo mai naɗin waya a ciki, wanda ake kira dynamic, irin wanda ake kusantar da baki, ya fi dacewa da ku, kuma ya fi araha. In ɗakin a killace yake, ki sa mai gabatarwa ya karanta rubutu ɗaya a kowanne, a ɗauka, a daidaita ƙarfin, sannan mutum uku su saurara ba tare da sun san wanne ne wanne ba.

Baban Khadija:
Ina da C414 a nan, kuma zan iya aro ɗayan. Ki turo mai gabatarwar ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da rubutun labaran da ya saba karantawa. Ki kuma aiko mini da hoton ɗakin naku da tsawonsa da faɗinsa kafin ranar.